YADDA A KE GWADA AIKA SAƘO TA ƘARƘASHIN TEKU

Jawabin Jami'in Watsa Labarai a taron Hakimai da Magatakardansu

  Abin da aka umurce ni in yi muku bayaninsa yau abu ne na nesa da mu, gama labarin teku ne, mu kuwa mutanen tudu ne. Amma labarin aika saƙo ne, kuma ba wanda ya fi ku sanin wahalar saƙo: a rubuta shi daidai, a ba ɗan aike mai amana, ya isa kan kari, wanda aka aika wa kuma ya karanta abin da aka rubuta, ba wani abu dabam ba.

A zamanin nan mutum yana zaune a zaurensa ya kan yi magana da ɗansa da ke Makka ta wayar hannu, muryar ta zo garau. To, a kulle wannan waya cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, a nitsar da ita cikin teku tsawon mashi guda kawai, nan take sai ta kurumce. Dalili kuwa shi ne ruwan gishiri yana shanye igiyar rediyo yadda rairayi ke shanye ruwan buta. Sojan ruwa na Amurka sun taɓa gina tashoshi biyu a jihohin Wisconsin da Michigan, da wayoyi masu tsawon mil da yawa, don su tura rediyo ya ratsa ruwa ya iske jiragensu masu nitso. Ya ratsa kam, amma haruffa 3 kacal su kan ci kamar minti 15, jirgin kuma ba shi da ikon mayar da amsa. A 2004 aka rufe tashoshin. Haske ma haka abin ya ke. In aka yi ƙasa da ƙafa 650 hasken rana ya kusa ƙarewa, in aka kai ƙafa 3,300 kuwa duhu ne baƙi ƙirin ko da tsakar rana. Mu kan ce gani ya kori ji, amma a can ƙasa ji ne kaɗai ya rage.

Amo shi ne abin da ruwa ke ɗauka da kyau, har ya fi iska. A 1826 wani saurayi mutumin Suwizalan, Daniel Colladon, da abokinsa Charles Sturm, suka shirya gwaji a Tafkin Jeniba. Aka rataya ƙararrawa cikin ruwa daga wani kwale-kwale, aka shirya ta yadda duk sa'ad da guduma ta buge ta sai albarushi ya kama wuta a sama. Colladon yana cikin wani kwale-kwalen, fiye da mil 8 daga nan, da dare, ga agogo a hannu, ga wani dogon ƙaho da ya tsoma bakinsa cikin ruwa ya kara kunnensa. Da ya ga walƙiyar albarushi sai ya shiga ƙirga, bayan sakan 9 da 'yan kai ya ji ƙararrawa. Lissafi ya nuna amo yana cin ƙafa 4,700 da wani abu a sakan guda cikin ruwan tafkin. A teku ya ɗan fi haka, watau kusan mil guda ke nan a sakan, alhali a iska sai ya yi sakan 5 kafin ya ci mil.

An daɗe ba a mori wannan ilmi sosai ba, sai da jirgin nan Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a watan Afrilu na 1912, mutum fiye da 1,500 suka halaka. Bayan shekara 2 wani masani haifaffen Kanada, Reginald Fessenden, ya tsoma wani babban faifan ƙarfe mai karkarwa da lantarki daga jirgin Miami, ya ji amsa-kuwwar dutsen ƙanƙara daga nisan kamar mil 2. Da wannan faifai kuma aka riƙa buga tangaraho tsakanin jirgi da jirgi ta cikin ruwa. A 1945 Amurkawa suka fito da tarho na ƙarƙashin ruwa, wanda matuƙa suka yi wa laƙabi da Gertrude, har yau kuma jiragen nitso suna ɗauke da irinsa.

Na yanzu ba murya kaɗai su ke aikawa ba. Lambobi su ke aikawa, da rubutu, wani lokaci har da hoto. Kowane harafi a kan mai da shi jerin alamu 8, kowace alama kuwa ɗaya ce cikin biyu, i ko a'a. Na'urar tana da baki, watau faifan da ke karkarwa sau dubbai a sakan, tana kuma da kunne. A hanya mafi sauƙi, ta kan fid da amo ɗaya don i, wani amo dabam don a'a, yadda makaɗi ke matse tsirkiyar kalangu ya saki, mai ji ya gane maganar. Wannan duka injiniya ya kan gama shi a kan teburinsa. Ya kan kuma tsoma na'urorin cikin wani babban kwarmin ruwa da aka gina a ɗakin aiki, ya ga sun yi magana da juna ba kuskure ko ɗaya. A nan ne wanda bai sani ba zai ce aiki ya ƙare, alhali kuwa ba a ma fara ba, domin ruwan kwarmi a kwance ya ke, ɗuminsa ɗaya ne sama da ƙasa, ba iska, ba jirgi, ba kifi.

Bari in ba ku labarin abin da ya fara koya wa masana wannan. Wajen 1937 wani jirgin yaƙi na Amurka mai suna Semmes yana gwada na'urar neman jirgin nitso da amo a kusa da Guwantanamo, ƙasar Kuba. Da safe na'ura ta yi aiki sarai. Da rana ta take, sai ta dena jin kome, jirgin da a ke nema yana kusa amma ba labarinsa. Gari ya waye, ta dawo daidai. Wanda ya ji wannan sai ya ce ko ma'aikata ne suka cika ciki suka shiga gyangyaɗi, ko kuwa injin ne ya yi zafi. Aka kira Columbus Iselin na makarantar binciken teku da ke Woods Hole, ya zo da jirginsu Atlantis, suka yi ta zura ma'aunin zafi cikin ruwa, zurfi bayan zurfi. Ashe in iska ta kwanta, rana ta kan ɗumama ruwan sama ya ɗan fi na ƙarƙashinsa. Amo kuwa ya fi sauri a ruwan ɗumi. Ku dubi shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya: in na dama ya fi na hagun sauri, garma ba ta tafiya sak, sai ta karkata hagun. Haka amo ke lanƙwasa ya yi ƙasa wajen ruwan sanyi, ya bar wani fili a gaba wanda ba ya shiga ko kaɗan, jirgi ya zauna a ciki lafiya lau. Na'ura ba ta canza ba, mutane ba su canza ba, teku ce ta canza tsakanin hantsi da azahar.

Wahala ta biyu amsa-kuwwa ce. Duk wanda ya taɓa kiran wani a tsakanin duwatsu irin na Kwatarkwashi ya san yadda kalma ɗaya ke komowa sau uku. A teku fuskar ruwa bango ce, ƙasan teku ma bango ce. Alama ɗaya ta kan isa ta miƙaƙƙiyar hanya, ta sake isowa bayan ta bugi sama, ta sake bayan ta bugi ƙasa, kowace da lokacinta, har na baya su faɗa kan sababbin alamun da ke biye. Malamai, ku ƙaddara an ce ku rubuta layi na biyu a kan na fari, na uku a kan na biyu, tawada ba ta bushe ba, sa'an nan a miƙa wa Hakimi ya karanta. Da bangon nan a tsaye ya ke da da sauƙi, amma na sama raƙuman ruwa ne, ba su tsayawa wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido.

Ga kuma motsi. Kun san yadda ƙahon mota ke sirancewa in tana tahowa, ya yi kauri in ta wuce. Da ya ke amo ba shi da saurin rediyo, jirgin da ke tafiyar mai ƙafa kawai ya isa ya gurɓata amon da kashi 1 cikin 1,000, wannan kuwa ya isa ya rikita ƙirgar na'ura. Ga jinkiri: maganar rediyo ta kan kai wata cikin sakan ɗaya da 'yan kai, amma jirgin da ke mil 6 daga gare ka a ƙarƙashin ruwa sai ka jira fiye da sakan 12 kafin ka ji amsar sallamarka. Teku kuma ba shiru gare ta ba. Injin jirage yana ruri, ruwan sama yana kaɗa fuskarta, a wurare masu ɗumi marasa zurfi kuma akwai wani ɗan jatan lande mai ƙosta da ƙafarsa, in dubbansu suka haɗu sai ka ce ana toya ƙosai a kunnen na'ura.

To, yanzu ga yadda a ke gwajin kansa. A kan fita da jirgi biyu, ko jirgi ɗaya da wata na'ura da aka girke a ƙasan teku. Jirgi na fari ya zura bakin na'ura da igiya zuwa zurfin da aka shirya. Na biyu ya zura kunnuwa, ba ɗaya ba, jeri guda a igiya ɗaya, wani a sama wani a ƙasa, domin abin da ya kuɓuce wa wannan watakila wancan ya kama. Kafin a aika kome sai an daidaita agogon jiragen biyu da na tauraron ɗan'adam, sai an auna ɗumi da gishirin ruwa daga sama har ƙasa, kuma a kan sake awon nan sau da yawa a yini saboda abin da ya sami Semmes. In ana son ji sosai a kan kashe injin jirgi, da ma'aunin zurfinsa, a bar shi yana lilo. Sa'an nan a fara da wani ɗan fito mai tashi daga kauri zuwa siriri. Shi ba saƙo ba ne, ɗan leƙen hanya ne, da shi a ke ƙirga amsa-kuwwa nawa ke isowa da tazarar da ke tsakaninsu.

Bayan wannan sai saƙo, kuma a nan ne aikin ya zama irin naku. Ba a aika sabon labari. Wasiƙa ɗaya ce wadda kwafinta ke hannun mai karɓa tun kafin a bar gaɓa, a aika ta sau ɗari, sau dubu, kwamfuta tana gwama abin da ya iso da kwafin, alama da alama, tana ƙirga kuskure. A yi a mil guda, a ja baya zuwa mil 2, zuwa mil 5, har inda magana ta yanke. A sauke igiya, a ɗaga ta. A yi jirgi yana tsaye, a yi yana tafiya, a yi da dare, a yi da azahar, a yi ran da teku ta kwanta, a kuma yi ran da ta tashi har rabin masana suna kwance da amai. Akwai mai littafi a gefe yana rubuta lokaci, da ƙarfin iska, da tsawon raƙuman ruwa, da kowane jirgin kaya da ya gitta. A ganina wannan mai littafi bai gaza injiniya daraja ba, gama in aka koma gida aka tarar saƙon ƙarfe 3 na ran Talata ya lalace, littafinsa ne kaɗai zai faɗi dalili. Kuma duk abin da kunnuwa suka ji a kan naɗe shi ɗanye yadda ya zo. Hayar jirgin bincike tana da tsada ƙwarai, saboda haka naɗin kwana 10 ya kan ciyad da ɗalibai shekaru, suna sake kunna shi a ɗaki suna gwada sababbin dabaru a kansa.

Da irin wannan naɗi ne Milica Stojanovic da Josko Catipovic da John Proakis suka nuna, a 1993 da 1994, cewa na'ura tana iya koyon amsa-kuwwar wurin tana cikin saurare, ta riƙa cire ta daga abin da ta ji, ta kuma riƙa gyara koyonta yayin da ruwa ke canzawa. Sun gwada a ruwa marar zurfi na gabashin Amurka, da ruwa mai zurfi a nisan fiye da mil 100. Kafin su, masana da yawa sun ɗauka ba shi yiwuwa.

Akwai ciniki guda da teku ba ta yin ragi a kansa. Amo mai kauri yana zuwa nesa amma kaɗan ya ke ɗauka, siriri yana ɗaukar magana da yawa amma ba ya nisa. Tambarin Sarki a kan ji shi daga wani gari, sarewa kuwa sai a dandali. A 1944 Maurice Ewing da Lamar Worzel suka tabbatar akwai wani zurfi, kamar ƙafa 3,000 zuwa 4,000 a yawancin wurare, inda amo ke tafiya kamar cikin bututu, ba ya taɓa sama ba ya taɓa ƙasa. Suka fasa 'yar nakiya a ciki, aka ji ta daga fiye da mil 900. A Janairun 1991 Walter Munk da abokan aikinsa suka saki amo mai kauri, mai karkarwa sau 57 a sakan, daga kusa da tsibirin Heard a kudancin Tekun Indiya, aka ji shi a Bamuda, wajen mil 10,000, bayan kamar awa 3. Sai da suka ɗauki masu lura da manyan dabbobin teku a tafiyar, domin su ma da amo su ke kiran juna, kuma daidai ne a ce mai gwaji ya kula da masu gida.

Shekaru da yawa kowane kamfani yana ƙera na'urarsa da harshenta, ta wannan ba ta jin ta wancan. Ku ƙaddara jirgin nitso na wata ƙasa ya makale a ƙasan teku, iskar mutanen ciki tana ƙarewa, jirgin da ya fi kusa kuwa na wata ƙasa ne. Saboda irin wannan wata cibiyar bincike ta ƙungiyar NATO da ke La Spezia, ƙasar Italiya, ta yi shekaru tana gwada harshe guda na kowa daga jirginta Alliance, har aka amince da shi a watan Maris na 2017. Sunansa JANUS, kuma an buɗe ƙa'idodinsa ga duk mai so, soja ko farar hula. Amonsa yana karkarwa wajen sau 11,520 a sakan, yana tsalle tsakanin muryoyi 26 don kada amsa-kuwwa ta riske shi a wuri ɗaya. Saurinsa alama 80 ne a sakan, watau haruffa 10. Hoto guda irin na wayar hannu sai ya ci fiye da kwana 2 a wannan tafiya. Na ji samari suna dariyar wannan, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Da gangan aka zaɓi sannu, domin gwaji ya nuna ita ce ke isa ran da ruwa ya ɓaci, kuma haruffa 10 a sakan sun isa a faɗi sunan jirgi, da inda ya ke, da mutum nawa ke da rai, da iskar awa nawa ta rage musu.

Mu ma muna da rabo a ciki, ko da ba mu gani. Rijiyoyin mai na Bonga, da suka fara aiki a 2005, suna wajen mil 75 daga gaɓar Nijeriya, a ruwa mai zurfin fiye da ƙafa 3,300. A irin wannan zurfi jirgin haƙa ya kan tsaya kan bakin rijiya ne da taimakon taurarin ɗan'adam da kuma 'yan na'urorin da aka dasa a ƙasan teku, yana kiransu da amo suna amsawa. Kuɗin man nan kuwa yana cikin abin da a ke rabawa har ya iso baitulmalin jihohinmu.

Amma inda aikin ya fi taɓa talakawa shi ne wajen ambaliyar teku da a ke kira sunami, wadda girgizar ƙasa ke tayarwa. A tsakiyar teku ba a ganinta, jirgi ya kan hau ta bai sani ba, sai ta iso gaɓa ta miƙe. Hukumar teku da yanayi ta Amurka ta ƙera wani ma'auni da a ke ajiyewa a ƙasan teku, har zurfin kusan mil 4, yana auna nauyin ruwan da ke bisansa, kuma yana gane ƙarin da bai kai rabin inci ba. A samansa akwai wani gora yana iyo, irin na masuntan Argungu amma ya fi nasu girma ƙwarai. Ba waya tsakaninsu. Ma'auni ya kan faɗa wa gora da amo, gora ya faɗa wa tauraron ɗan'adam, tauraro ya faɗa wa masu tsaro a tudu, duka cikin 'yan mintoci. A 2001 aka gama dasa 6 na fari a Tekun Pasifik.

A 1986 an taɓa kwashe mutanen gaɓar Hawai saboda gargaɗi, igiyar da ta zo kuwa ba ta taka kara ta karya ba, aka yi hasarar dukiya mai yawa. Ku da ke shugabancin jama'a kun san abin da ke biyo bayan shelar da ba ta tabbata ba: ran da ta gaskiya ta zo, rabin gari ba ya motsi. A watan Nuwamba na 2003 aka yi babbar girgizar ƙasa a tsibiran Alaska, aka ba da gargaɗi, sai saƙo ya hau daga ƙasan teku cewa igiyar ƙarama ce. Aka janye gargaɗin, mutanen Hawai suka kwana a gidajensu. Ran 26 ga Disamba 2004 kuwa girgiza ta auku kusa da Sumatra. Ba ma'auni ko ɗaya irin wannan a Tekun Indiya a lokacin. Mutum fiye da 220,000 suka rasu a ƙasashe 14, har Somaliya, inda ruwan ya isa bayan awa 7 ba wanda ya sanar da masunta. Kafin 2008 ta ƙare Amurka ta kai nata tashoshin 39, waɗansu ƙasashe kuma, irin su Indiya da Ostareliya, suka dasa nasu.

Su ma waɗannan ba a dasa su a manta. Gishiri yana cin ƙarfe, hadari yana tsinke gora, batir yana ƙarewa. In lokaci ya yi sai jirgi ya je ya tsaya a wurin, ya zura baki cikin ruwa, ya kira ma'aunin da lambarsa. In ya amsa, a aika masa umurni na biyu, ya saki nauyin ƙarfen da ke riƙe da shi a ƙasa, ya taso a hankali, ma'aikata suna tsaye a bakin jirgi suna duban ruwa har su hango shi. Kafin jirgi ya juya gida sai an sauke sabo, an kira shi, ya amsa, an kuma ji daga tudu cewa lambobinsa sun iso daidai.

Ranku ya daɗe, in akwai tambaya ina saurare. Wassalam.